Tafiretar Kambai

Jirgin ƙasa na Kaduna ya bar Kafanchan a makare kamar kullum, Kambai kuwa ya matse jikin taga yana tsaki. Karo na bakwai ke nan a wannan shekara ta 1976 da yake zuwa neman aikin jarida. Afiniki matarsa ta riga ta yanke magana: in wannan ma ya faɗi, a sayar da tafireta, su koma Kachia noman citta wurin babanta.

Tafiretar nan kuwa ita ce ransa. Da ita yake zama ƙofar gidan waya yana buga wa mutane wasiƙu, duk da harafin "e" ɗinta kullum sai ya yi tsalle sama da layi. Ba ya tambayar inda wasiƙa za ta. Ya bar gurbin adireshi, mai ita ya cike. Makon jiya ribin, zaren tawadar tafiretar, ya ƙare a kan wasiƙar wani, dole tasa takardar neman aikin ya rubuta da hannu, a gaggauce.

Don ya rage haushi ya zaro littafinsa ya shiga aikin da ya fi iyawa, kallon mutane. Ga mai doya yana faɗa da mai duba tikiti. Ga wani fasto yana gyangyaɗi kan Littafi Mai Tsarki. Gabansa kuma wata tsohuwa ce da ƙaton ɗanta cikin kwat na aro, hannun rigar bai kai wuyan hannu ba. Jarida na cinyarsa, ko buɗe ta bai yi ba, sai minshari.

Kambai ya rubuta: "Wannan ko sunansa aka ce ya rubuta sai ya yi gumi."

Tsohuwar ta leƙo fuskarsa, ta washe baki. "A'a, Malam! Kai ne? Ubangiji ya sa maka albarka. Alexander, tashi ka gai da Malam!"

"Amin, Mama," ya ce. Rabin Kafanchan haka suke gaishe shi, wa zai riƙe fuskoki? Ta cika masa hannu da dafaffiyar gyaɗa, ya ci.

A Kaduna ya rasa mota, ya taka da ƙafa, ya isa ofishin jaridar sharkaf da gumi. Awa biyu aka shanya shi kan benci kafin edita ya kira shi.

"Ka makara, mun ɗauki wani ɗazu," in ji editan. "Gaskiya ma tun kafin ya zo mun gama shawara. Kai dubi takardarka, kamar kaza ta yi tonon ƙasa."

Gonar citta kawai Kambai yake gani, da fuskar surukinsa. Kai, duniya! Shekara goma yana rubutu, a ce wani ya fi shi?

"Ranka ya daɗe, wane ne wannan gwanin?"

"Ɗan garinku ne ma. Karanta, ka koyi yadda ake rubutu."

Ya miƙo masa takarda. A ƙasa an sa hannu da kyar, Alexander. A sama kuwa, tun daga layin farko har na ƙarshe, kowane "e" ya yi tsalle sama da layi.