Baƙin Haruffa a Hindawiyya

Majid ya dangwara wani littafi a gaban matarsa Maha. Shafi-shafi ne na rubutun hannunta, da haruffan Yahudawa.

"A nan Makka, Maha? A cikin gidana?"

"Yidish ne, yaren Yahudawan Turai, Majid. Wata huɗu ke nan ina koya a intanet."

"Don me?"

Ta dubi ɗakin mahaifiyarsa, wadda tun da jikinta ya shanye take wasu sambatu da masu ruƙiyya suka ce na aljanu ne.

"Manhajar fassara ta waya ce ta gane yaren da Umma take sambatu da shi. Jiya na gaishe ta da shi, ta amsa tana kuka. Ta ce in gaya maka, sunan da ka san ta da shi ba nata ba ne."