Jan Zobe a Gadon Baya

"Yaya, ashe shatin nan na bayanki ya ɓace," in ji mai cuɗar baya a gidan wankan mata na garin Yichun.

"Wane shati?"

"Jan zobe mai faɗin faranti, bara da damina. Na ɗauka ƙaho aka yi miki, har na ce a raina mai ƙahon nan mugu ne."

Matar da ake cuɗawa ta ɗago da ƙyar. Wata goma ke nan gwiwoyinta na kumbura, rabin fuskarta ya saki, ta daina shiga daji tonon saiwar magani. Likitoci uku ta gani. Ɗaya ya ce tsufa ne, wani ya ce kewar marigayi mijinta ce. Kowannensu ya tambaye ta ko ta ga wani tabo a jikinta, ta ce a'a. Ita kaɗai ce a gida, wa zai duba mata baya?

Washegari ta ja mai cuɗar har asibiti. Likita ya sa mai cuɗar ta zana zoben a takarda.

"Cizon kaska ne, da alama cutar Lyme," ya ce. "Da kin zo da wuri..."

Bayan wata guda tana shan magani fuskar ta dawo daidai. Gwiwar hagu ba ta dawo ba.

Yanzu mai cuɗar ba ta taɓa bayan kowa sai ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Ke, me kike nema?" in ji wata tsohuwa da ta zo wanka.

"Kwanta, Inna. Ku ba kwa ganin nan, ni nake gani."