Hasken Kwamfutar Malam Mannir

Uwaisu ya sake tarar da fuskar kwamfutar tana ƙyalli, haruffa sun yi manya-manya. Idanunsa suka ɗauki zafi. Ya rage hasken, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Kwamfuta ɗaya suke amfani da ita a ofishinsu na Gusau, shi da Malam Mannir, dattijon da ya samo masa aikin. Kullum in Uwaisu ya gyara, sai a mayar. Ciwon kai ya sa ya fara kuskure, ga shi bai gama watannin gwaji ba.

Ya shiga wurin shugabar ofis. "Hajiya, a gafarce ni. Malam Mannir yana ƙure haske da girman rubutu, idona zai lalace."

Hajiya Luba ta ɗago. "Ƙurewa yake yi?"

"Har ƙarshe, ranki ya daɗe."

"Ashe gaskiya ne ganinsa ya tafi, yake ɓoye mini. Daga Litinin kujerarsa taka ce. Kira mini shi."

Da Uwaisu ya fito waje, Malam Mannir ya laluba aljihu, ya miƙo masa maganin ɗigawa a ido. "Ɗana, na ji kana kukan ido."