Shingen Gindin Gawo

Bilyaminu ya ajiye jakarsa a kan gamba, ya samo sanda mai baki biyu, ya fara janye ƙayar.

Ko gida bai kai ba. Da safe mota ta sauke shi a Kore Mairuwa, ya biyo hanyar ƙafa, don ta gonar mahaifiyarsa, Inna Shatu, take ratsawa kafin ta shiga ƙauye. Shekaru ya yi yana ɗaukar bulo a Aljeriya, ba aike ba waya. Da farko babu abin aikowa, daga baya kuma kunya ta hana shi kira. Gonar nan kaɗai mahaifinsa ya bar musu, kuma saboda ita ya dawo.

Bazara ta yi nisa, amma ba wanda ya yi shara. Gonakin da ke nesa da gari duk haka suke, tsohon kara a tsaye, tun da masu bindiga suka fara fitowa daga daji suna kore dabbobi. Wannan bai ba shi mamaki ba. Wani ɗan garinsu ya taɓa gaya masa a can cewa ana kwashe mata da tsofaffi zuwa Dogon Dutsi. Ya sa a ransa Inna tana wajen ƙanwarsa Hindatu, tana faɗa da jikoki.

Abin da ya tsayar da shi kusurwar gabas ce, gindin gawo, inda gonarsu ta haɗu da ta maƙwabcinsu Baba Rabo. An zagaye wurin da ƙayar aduwa, an jibga wata a tsakiya, ta sama ɗanya shar, ganyenta bai ko yanƙwane ba. Duk faɗin dajin da mutane suka gudu suka bari, nan kaɗai hannu yake taɓawa.

Ya san tarihin kusurwar. Tun yana ƙarami, kowace damina sai Inna da Baba Rabo sun yi ta a kanta. Shi ya ce kakansa ya shuka gawon, ita ta ce tun da take ba ta taɓa jin wanda ya shuka gawo ba. Har gaban maigari sun je. Ba ta taɓa sakar masa ko taku ɗaya ba.

To ga shi ta juya baya, ɗanta namiji kuma ana ganin ya ɓata.

Ƙaya ta yage masa ƙwauri, bai tsaya dubawa ba. Ya ja, ya tara, ya ƙyasta ashana. Da wurin ya buɗe sai ya ga ko shuka ba a yi a ciki ba. Rairayi ne kawai da ya ɗan tasa, da wani ɓarin tukunya da aka kafa a gefe. Ya sa ƙafa ya shure shi. Can kusa da saiwar gawon ga turken da Inna take ɗaure tunkiyarta in tana noma, da guntun igiya a jiki, an yanke ta da wuƙa.

Har turkenta ya haɗa da shi, in ji Bilyaminu a zuci.

Sai ya ji ana jan abu a kan yashi. Baba Rabo ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana janye da sabon reshen aduwa, yana tafe yana waiwayen daji. Da ya hango wutar ya saki reshen, ya rugo iya ƙarfinsa, ya durƙusa yana watsa mata ƙasa da hannu biyu.

“Wane mahaukaci ne wanga? Daga nesa ake ganin hayaƙi!”

Sai da wutar ta mutu ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon fuskar saurayin.

“Bilya? Kai ne?”

“Ni ne, Baba. Ba ka zaci zan komo ba ko?”

“Lale, lale. Ɗauki jakarka mu tahi gida, ka sha ruwa tukuna.”

Ruwa! Haka dattawan garin suke, duk maganar da ba su son yi sai su ɓoye ta bayan ƙwaryar ruwa. Bilyaminu ya hau tsakiyar rairayin ya kafe.

“Ba inda za ni. Kowa ya bar gonarshi don tsoron rai, amma kai ko bindiga ba ta hana ka cin iyaka ba. Mace ka gani ita kaɗai. To ga namiji ya zo.” Ya buga ƙafa a ƙasa. “Ruwan fari na sauka, nan zan fara sa iri. In ka isa ka sake kawo ƙaya.”

Tsohon ya rarrafa ya ɗauko ɓarin tukunyar, ya goge shi da bakin rigarsa a hankali. Hannunsa duk tabon ƙaya ne, wani ya warke, wani bai warke ba.

“Ƙayar don karnuka ce da dila,” ya ce, bai ɗago ba. “Ranar da mutanen suka zo, kowa ya saki abinshi ya gudu. Ita ta ƙi sakin igiyar tunkiyarta. Bayan sun wuce babu mai zuciyar ɗaukar makara har maƙabarta, sai muka yi abin da ya samu, ni da matata. Na bar mata kusurwar, ta ci shari'arta.”

Ya ɗago ido, ruwa kwance a ciki.

“Matsa gefe, ɗana. Bisa uwarka kake tsaye.”