Majinyaciyar da Farfesa Dobrev Ya Zaɓa

Nurten ta danna ɗaukar murya a wayarta, ta jefa ta aljihun farar rigar aiki, sannan ta wanke hannu.

Yau ce ranar jarrabawarta, ɗaukar muryar kuwa shawarar abokinta Erdinch ce. Shi ma a Turkiyya ya karanta likitancin haƙori kamar ita, shi ma ya dawo Bulgeriya, ƙasar iyayensu, yana neman makarantar nan ta ɗauke shi ya cike karatun da zai ba shi izinin aiki. An kayar da shi a jarrabawar shiga, kamar yadda aka kayar da wasu masu sunan Turkawa kafin shi.

"Wallahi Farfesa Dobrev ne ya kayar da ni, Yaya Nurten," ya ce mata da safe, bakinsa cike da banitsa, burodin nan nasu mai cuku. "Yana ganin sunanki an gama. Ke dai ɗauko mana muryarsa, ina da ɗan jarida a hannu."

"In bai faɗi komai ba fa?"

"Wannan mai fuskar shanun? Zai faɗa."

Ba sai an lallashe ta ba. Farfesa Yasen Dobrev, shugaban masu jarrabawa, bai taɓa kiran sunanta ba, kullum "ke". Ranar da ya iske su suna hira da Turkanci a wurin shan kofi, tsayawa ya yi cak, ya ce nan makaranta ce, harshen ƙasa ake yi. Da ya juya baya, Erdinch ya yi ƙasa da murya ya kira shi tsohon jaki, da Turkancin dai. Ƙeyar farfesan ta yi ja, amma bai waiwayo ba.

Ta san irinsu. Irinsu ne suka shiga ƙauyen mahaifinta a zamanin tsohuwar gwamnati, suka tilasta wa kowa ya yar da sunansa na Turkawa ya ɗauki na Bulgeriyawa. Mahaifinta ya ƙi, ya tsallake iyaka. Da yawa suka zauna, suka haɗiye.

A ɗakin jarrabawa, ƙuri'a ake jefawa kowa ya samu majinyacin da zai yi wa aiki. Da aka zo kanta, Dobrev ya ɗaga hannu.

"Ita na zaɓar mata."

Sauran malaman biyu suka kalli juna. Nurten ta taɓa aljihunta.

Majinyaciyar tsohuwa ce 'yar ƙauye, da kallabi da kumburarren kumatu, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Nurten na haska bakin ta gane. Haƙorin can ƙurya ya ruɓe har ƙasa, saiwarsa a lanƙwashe, ƙashin muƙamuƙi ya yi laushi don tsufa, ga maganin tsinka jini da matar ke sha. Sauran ɗaliban a kujerun gefe cikon haƙori kawai suke yi. Ita an haƙa mata rami.

Ta yi wa tsohuwar bayani da harshen Bulgeriya. Tsohuwar ta zuba mata ido kawai. Ashe ramin biyu ne: matar Turkanci kaɗai take ji sosai, mutumin da ya hana Turkanci kuwa yana tsaye a kansu.

Nurten ta sunkuya. "Inna, kada ki ji tsoro," ta ce da Turkanci. "Allura ce 'yar ƙarama, daga nan ba za ki ji komai ba."

Ta jira tsawa. Shiru. Dobrev yana nan tsaye a gefen kujerar, hannuwa a baya, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin. Idonsa bai bar yatsunta ba ko na ƙiftawa. Kuskure yake jira, ta ce a ranta.

Ta yi allurar, ta fara cire haƙorin. Ya motsa, ya motsa, sai ƙas! Bakin saiwar ya karye a ciki. Jini ya cika gurbin. Dobrev ya zabura ya matso.

"Ke, matsa in..."

Bai ƙarasa ba. Ya dunƙule hannu ya koma baya.

Nurten ba ta ɗago ba. Ta tsane jinin, ta lalubo guntun a hankali, tana yi wa tsohuwar hirar tumatir da barkonon lambu har ya fito. Ta ɗinke wurin, ta danna auduga.

Dobrev ya sunkuya ya daɗe yana duba ɗinkin. Malaman suka yi 'yan rubuce-rubucensu, suka gyaɗa masa kai.

"Ranar Litinin ki zo ki yi rajista," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Ko barka babu. Ya rasa abin kamawa ne, ga shaidu. Amma muryarsa tana cikin wayar, inda ya ce shi ya zaɓar mata, ya karya dokar ƙuri'a don ita kaɗai. Wannan ma ya ishi ɗan jaridar Erdinch. Yau ɗin nan za ta miƙa masa.

Tana cire safar hannu tsohuwar ta yunƙura za ta sauko, ta kamo gefen rigar farfesan, ta yi masa magana da Turkanci, da sunansa na yanka, bakinta cike da auduga.

"Ka yi gaskiya, hannunta ya fi na kowa sanyi. To Yashar, ɗana, miƙo min takalmina ka kai ni gida."