Gwamnati Ta Riga Amarya Ji

Wendell ya shigo shagon burodin Paloma a garin Arlington yana murza hula. Namiji ke nan, gwamnati na shirin damƙa masa asirinta, amma gaban mace bakinsa ya mutu!

Paloma 'yar Peru ce, ta kuma san dokar: mai irin aikinsa in ya nemi auren baƙuwa 'yar wata ƙasa, sai an tone ta har kakanni, aikin ma yana iya suɓucewa. Tuni ta haƙura, ta ɗauka aikin zai zaɓa.

"Ɗazu mai bincikenku ya zo," ta ce. "Ya tambayi maƙwabta ko kana shaye-shaye, ni kuma ya tambaye ni yaushe ne bikinmu."

Wendell ya sunkuyar da kai. "Ƙa'ida ce, su ake fara gaya wa."

"Wato gwamnati ta riga ni ji? Sarkin tsoro! In suka kore ka fa?"

"Sai ki koya min kwaɓa fulawa."

Ta juya baya, idonta ya ciko. "Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, da ta taka ce sai na yi furfura. Na ce masa watan Yuni. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya gaban hukuma."