Ladabin Sabon Matuƙi

"Wa ya ba ka lasisin nan? Ko keke ba zan amince maka ba!" Kyaftin, wani tsoho mai gwada matuƙa jirgi, ya daka wa sabon matuƙi tsawa.

Sabon matuƙin ya haɗiye fushinsa. Shekara guda yana yawon neman aiki, sai yau kamfanin jirgin sama ya kira shi gwaji a na'urar koyon tuƙi. Da tsohon ya tsallake duba man jirgi kafin tashi, sabon matuƙin ya gani sarai, amma ya ja bakinsa ya tsuke.

Ya sauke jirgin lafiya lau, ya juyo yana murmushi.

"Ka faɗi," in ji Kyaftin. "Da gangan na ƙi duba man, ina jira ka tsayar da ni. Da jirgin gaske ne, mutum ɗari ladabin nan naka zai kashe."